Sanda Biyu

Ran Laraba, kafin rana ta leƙo tsaunukan Huaraz,
Yanet ta ɗaure takalmi, ta bi sahun malam Eusebio
har gindin ƙanƙarar da kakarta ke gaisarwa kamar 'yar'uwa.
Sandar da suka kafa bara, mai jan fenti,
yau tana tsaye ita kaɗai a kan tsakuwa.
Taku goma sha ɗaya tsakaninta da farin.
Ta ƙirga sau biyu, don ƙafarta ƙarama ce.

A can kudu da Khulna la'asar ta yi sakaliya.
Tonmoy ma da tasa sandar, ta gora,
a bakin gonar shinkafar babansa.
Ya tsaga mata zane da wuƙar fere kifi.
Ruwa ya haɗiye huɗu.
Ya kurɓi na rijiya, ya tofar. Gishiri.

Ran haɗuwa, waɗannan sun dawo aji da tocila bayan magariba,
waɗancan ko karin kumallo bai gama sauka ba.
Hoto na daskarewa a bango, murya na zuwa a makare,
Turancin kowa na ɗingishi,
amma guragu biyu in sun dafa juna sai su kai kasuwa.

Ta ce, "Namu yana tafiya."
Ya ce, "Namu yana zuwa."

Aka yi tsit.

Sai Ridoy, ɗan bencin baya, wanda bai taɓa kawo aikin gida ba,
ya ɗaga hannu: "To ku zo ku kwashi abinku mana!"
Dariya ta tashi daga gabas,
sai da ta yi daƙiƙa uku kafin ta sauka a yamma.

Malam Eusebio ya ɗauki alli zai gyara musu,
wai ba haka lissafin yake ba, teku faɗi gare shi.
Ya dubi fuskokin. Ya ajiye allin.

Suka buɗe littafi ɗaya mai shafi biyu:
nan taku, can zane.
Waɗannan za su dasa itace a gangare,
waɗancan a cikin taɓo, inda kaguwa ke cizon yatsa.
Ba wanda ya ce zai isa.

Da dare Yanet ta kasa barci.
Rafin bayan gida na surutu fiye da bara.
Ta tura taga, sanyi ya mare ta,
ta ce wa ruwan, ƙasa-ƙasa:
"Bi a hankali.
Akwai gonar wani a gaba."