Ƙulli Biyu

Kwana uku ruwa na dukan kwanon ajinmu,
tsibirin Cailín ya shige cikin hazo.
Na ƙara itace a murhu, na raba takardu
ga yara goma sha ɗaya, huɗu safarsu a jiƙe.

Labarin gajere ne, daga Santiago aka aiko shi:
wani masunci ya dawo da yamma,
ya ɗaure kwalekwalensa ƙulli biyu,
ya miƙa wa maƙwabci wuƙarsa,
ya tsaya yana kallon ruwa, sannan ya hau tudu.
Shi ke nan. Sai tambaya biyar a ƙasa.

Marisol Nahuelquín ce ta karanta mana.
Bakinta injin jirgi, ko tari ba ya yi,
ta wuce waƙafi ba ko gaisuwa,
ta tsallake aya kamar kududdufi.
Na ce, To, me ya sami mutumin?
Ta ce, Malama, wane mutumin?
Aji ya kwashe da dariya, har da ni.
Na ce ta koma baya ta taka a hankali,
mai gudu ba ya tsintar allura.

Tambaya ta huɗu: Me ya sa ya yi ƙulli biyu?
Amsar tana ninke a aljihuna:
domin shi mutum ne mai taka-tsantsan.
Tara suka rubuta haka, ko kusa da haka.
Ɗaya ya zana kifi.

Eleodoro Chiguay, na bakin taga,
wanda har yau da yatsa yake bin layi,
leɓensa na motsi kamar mai ƙirga bashi,
ya rubuta da fensirin da ya taune wa gindi:
Ba zai dawo ba.

Na ja masa jan biro.
Hannuna ya riga tunanina.

Da dare barci ya ƙi, shayi ya huce,
na sake ɗauko labarin
na bi shi yadda na ce wa Marisol ta bi.
Wuƙar nan.
Wa ke kyautar da wuƙa in da asuba zai koma ruwa?
Tsayuwar nan kuma, jimla guda tak,
me aka ajiye ta tana yi a wurin?
Shekara goma sha tara ina koyar da fahimta,
sau shida ina raba labarin nan,
ban taɓa yi wa wuƙar tambaya ba.

Washegari da aka fita shan iska na tsayar da shi.
Na ce, Nuna mini inda ka gani.
Ya ɗora yatsa kan wuƙa, ya matsar kan ƙulli,
ya ce, Ƙulli ɗaya na kwana ɗaya ne.
Biyu na hunturu ne.

Ban tambaye shi inda ya koya ba.
Duk Cailín an san shuɗin kwalekwalen
da ke ɗaure a gaban gidan Chiguay tun bara waccan,
gansakuka ta cinye rabin sunansa,
mai shi yana can kudu, Punta Arenas, in ji wasu.

Jan biro ba ya goguwa.
Na rubuta a gefe: Ni ce na yi kuskure
na sa hannu, na sa kwanan wata.
Ya bi rubutun da yatsa har ƙarshe,
ya ce, Malama, kin manta aya.

Na sa ayar.

Ran Litinin muka sake buɗe labarin.
Marisol ta ci birki a waƙafi na biyu,
ta ɗago kai ta ce, To shi maƙwabcin fa,
da ya karɓi wuƙar, ya sani?
Wannan ba ta cikin tambayoyi biyar,
babu amsarta a aljihun kowa.
Muka cinye awa guda a kanta,
lissafi na jira a allo,
itacen murhu ya ƙare ba wanda ya tashi.