Ɗakin Albasa

Ɗakin da Baba yake jibge albasa ne,
can ƙuryar gida, bayan randuna, a Garkawa ta Tawa.
Shekara uku da rasuwarsa ba wanda ya taɓa kwaɗon,
sai ni, wata Laraba, da tsintsiya, da ƙyalle a hanci.

Buhu goma sha ɗaya na fitar, duk wofi,
da sikeli mai tsatsa, da takalmi wari guda,
da littafin bashi: mutanen Galmi, mutanen Tamaske,
wasu an soke sunansu,
wasu har yau suna jiran alƙalami.

Inna ta leƙo ta ce, "Ɗaki ba gado, ba tukunya,
ɗakin me ke nan?"
Na ce na zane ne.
Ta ce, "Na ɗaurawa?"
Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Nomau magini ya zo da gudumarsa.
Ya ce gabas ake yin taga, don albarkar hantsi.
Na ce arewa nake so.
Hasken arewa ba ya gaggawa, ba ya cizon takarda,
sallama yake yi ya zauna bakin tabarma.
Muka ja, muka ja, har shayi ya huce.
Ya fasa bangon yana gunaguni,
sai ga bedin maƙwabta ya cika ramin da ganye.
Nomau ya yi shiru. Bai ce na yi gaskiya ba,
amma bai karɓi kuɗin sigari ba.

Tebur kuwa tsohon ƙyauren zaure ne.
Arzika kafinta ya kankare shi, ya ba shi ƙafa huɗu,
ɗaya ta gaza da faɗin yatsa.
Na duba dama, na duba hagu,
na tokare ta da littafin Baba.
Yau bashin da ba a biya ba
shi ke riƙe da aikina kada ya yi rawa.

Kujera jika bakwai, bayan ciniki har da rantsuwa.
Gwangwanayen tumatir na wanke, suka zama gidan fensir.
Igiya daga ƙusa zuwa ƙusa,
inda zane mai danshi zai sha iska kamar kilishi.
Na so bango shuɗi, aljihu ya ce farar ƙasa.
Wuta kan ɗauke ba ta ce sai an jima ba,
don haka farantin sola ɗaya ke bisa rufi,
yana cin rana, yana biyana da fitila da fanka.

Na rubuta a ƙofa: kada a shigo.
Zalika, ƴar ƙanena, ba ta iya karatu ba tukuna.
Ƙarƙashin tebur ne ofishinta yanzu,
da gawayi da bayan kwali.

Wari ne kawai ya ƙi tashi.
Na wanke, na turara, na matse lemun tsami,
amma da rana ta take, bango ya ɗau zafi,
sai ya dawo kamar mai gida daga kasuwa.

Ranar farko na zauna tun da hantsi.
Littafin yara ne, raƙumin dawa ake so.
Takarda ta dube ni, na dube ta,
har ladan ya kira azahar.
Hannuna ya gaji da jirana, ya tafi shi kaɗai:
da'ira, saiwa, ɓawo bisa ɓawo,
ja mai sheƙi da ya kusa zama shuni.

Inna ta shigo da fura, ta ga idona.
Na ce albasa ce.
Ta ɗaga takardar wajen taga, ta daɗe.
"Ta Galmi ce," in ji ta, "amma wuyanta bai bushe ba.
Babanki ba zai saya ba."

Ta jawo buhu ɗaya ta shimfiɗa bakin ƙofa.
"Sake," ta ce. "Ina nan."