Durowa ta Arba'in da Bakwai

A Tring, a ɗakin ƙasa da rana ba ta leƙawa,
aikina ɗaukar hoto:
in janyo durowa, in ɗauko gawa,
in kwantar, in danna, in mayar.
Tsuntsu ɗari biyu kafin azahar.
Warin kafur ya kama rigata,
har a bas ana matsa mini wuri.

Ran Laraba durowa ta arba'in da bakwai ta cije.
Sai da Madam Hollis ta sa gwiwa ta taya ni.
Tana buɗewa, sai ga ki.

Shamuwa.
Kwance rigingine, fukafukai a naɗe,
ƙafafu an harɗe an ɗaure da zare,
auduga a gurbin ido,
auduga a gurbin hanji,
farin cikinki ya dushe.

A ƙafarki 'yar takarda, tawada ta koɗe:
Katagum, watan Mayu, alif ɗari tara da bakwai.
Ga sunan wanda ya harbe ki, har da muƙaminsa.
Ga wani suna da suka raɗa miki,
dogo kamar igiyar guga.
A baya kuma, da fensir, an karkace naki na gaskiya.
Wa ya faɗa masa?
Wataƙila yaron da ya ɗauko ki daga kunya,
jininki na ɗiga a damtsensa.
Shi ba a rubuta shi ba.

A garinmu ba a jifan ki.
Kakata Tabawa in ta hango ki kan tsamiya
sai ta sauko da ƙwaryar iri,
ta ce a kai fartanya maƙera.

Ke da damina ke bin sawunki,
ga ki a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa.
Na ce wa Madam Hollis: ai ku kuka tsare ta, shi ya sa.
Ta yi dariya, ta kakkaɓe lemarta.
Ta ce bara an yanki ƙwayar fata daga yatsarki,
a ciki ake karanta abin da kika ci,
da ruwan da kika sha
tun kafin maganin feshi ya shiga fadama.
Ta ce matattun nan suna ba da shaida.
Ban musa ba.
Shaidar ce dai ba ta je gida ba.

Jiya na kira Ɗanjuma.
Ya ce har yau ko yayyafi,
iri na rataye, tsamiyar ma an sare.

Na auna bakinki, na auna fiffike,
na ba ki lamba mai sifiri uku.
Doka ta ce a jera kawuna waje guda.
Na juya naki ya dubi kudu,
na tura durowa a hankali.
Gobe wani zai gyara.