Makulli Biyu

Makulli biyu ne, na miƙa ɗaya.
Alhaji Shu'aibu ya jefa a aljihu bai duba ba.
Ya ce mai sayen gidan zai zo ran Laraba,
zai rushe, ya jera shaguna.
Na ce Allah ya sanya albarka.
Bakina ne ya faɗa.

Shekara ashirin da shida, ciki da falo, a Kakuri,
tun jiniyar masaƙa na raba mana dare da rana,
tun ruwan rini na bin kwata, yau shuɗi, gobe ja,
yara na gardamar launin jibi.
Masaƙa ta yi shiru, ta bar mu da haya.
Yau hayar ma ta sallame ni.

Gadon ƙarfe ya tafi Panteka, a kilo aka saye shi,
ban tsaya kallon sikeli ba.
Kwanukan marigayiya Kande na kai wa Ramlatu Rigasa.
Ta ce, Baba, ga ɗakin zaure, ka zauna mana.
Na dubi mijinta, yana duban takalminsa.
Na ce ina da tafiya.

Ɗakin da aka kwashe ya fi mutum surutu,
ka yi tari, ya amsa.
Ga ƙusar kalanda.
Ga inda kan gado ya ci bango.
Ga zanen gawayi a bayan ƙofa,
tsawon Ramlatu: aji ɗaya, aji uku, aji shida,
da wani can ƙasa wanda bai ƙara hawa ba.
Na Isiyaku ne.
Na lashi yatsa zan goge, na fasa.
Mai rusau ya yi aikinsa da hannunsa.

Maman Rifkatu ta leƙo da ƙullin yaji,
ita da ta tura mu ƙarƙashin gadonta
a shekarar da garin nan ya dare biyu.
Ta ce, zogalen naka fa?
Na ce naki ne, har Laraba.
Muka yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro.

Ga gidana a bakin titi, yana ɗigar baƙin mai:
tsohuwar bas, na cire kujerun baya,
na shimfiɗa katifa, rabinta a naɗe.
Risho, buta, jarka biyu,
gwangwanin madara cike da kusoshi,
allurai, igiyar juyi, man keke a kwalbar turare.
Mai fenti ya rubuta a jiki, ANA GYARAN KEKEN DINKI,
ya manta ƙugiyar Ɗ.
Na ce bar shi, mai keke zai gane.

Kunnen da ya san ciwon injin saƙa
a cikin ƙarar injina ɗari
ba zai ɓata a kukan keke ɗaya ba.
Akwai tela a Kujama da allurarsa ke tsallake.
Akwai wata a Kachiya, an ce, zarenta na cukurkuɗewa tun bara.
In ruwa ya ɗauke sai in karkata Saminaka.
Bayan nan ban sani ba.

Kowa ya ce kada in yi dare a hanya.
Na ji.
Ba wanda ya faɗa mini inda zan kai daren.

Na tayar, ta yi tari uku, ta kama.
Layin dogo ya wuce, Sabon Tasha ta wuce,
masu lemo, masu burodi, masu kiran fasinja,
wani yaro ya ɗaga hannu, ya zaci ta haya ce.
Na kusa tsayawa.

Wajen matatar mai na laluba aljihu neman goro,
na ji shi, ɗan sanyinsa.
Na ratsa shi a zoben makullin mota.
Daga Laraba ba abin da zai buɗe a duniya.
Amma duk ramin da taya ta faɗa
sai ya bugi ƙarfe, ƙwas, ƙwas,
kamar Kande ta dawo daga kasuwa,
hannu biyu da kaya,
tana taɓa ƙofa da ƙafa.