Mai Ɗinke Buhu

Babana bai taɓa noma gero ba.
A 'Yar Kutungu, bayan masu awo,
aikinsa basilla da igiya.
Wani ya noma, wani ya sussuka, wata ta sheƙe,
shi ya ɗinke bakin buhu,
ya rubuta sunan gari da gawayi.
In buhu ya isa Mashi lafiya
ba mai tambayar wa ya ɗinke.
In ya zube a hanya, kowa ya san Nalado.

Na gaje shi, ko da yake bai yarda ba.

Ƙarfe ɗayan dare a Ƙofar Marusa,
wuta ta tafi tun la'asar,
batir ya ce saura talatin da ɗaya.
Manhajar nan ba ni na rubuta ba.
Wata ce, can inda rana ke tsaka muna barci,
ta rubuta, ta bar ƙofa a buɗe,
ta ce kowa ya ɗiba, ya leƙa ciki, ya gyara, ya miƙa gaba.
Nawa aikin ƙunshi ne.
In auna ta da gidan da za ta zauna,
in jera duk abin da ta jingina da shi:
wannan na neman wancan,
wancan ba ya motsi sai da kakarsa,
kamar gayyar suna,
ka kira mutum ɗaya, dangi su cika zaure.

Sau uku na tura rumbu, sau uku aka maido.
"Fayil ɗaya ba lasisi."
"Facinki ya karya wani abu a tsofaffin injuna."
Na ukun waƙafi ne,
waƙafi ɗaya tak, a layi na tamanin.
Ban san fuskar mai maidowa ba,
amma ya karanta ni layi-layi,
abin da maigidana bai yi wa wasiƙuna ba
ko a lokacin da yake nema na.

Na yi tsaki, na shanye shayin da ya huce, na gyara.
Na buga hatimi da makullin da ba mai shi sai ni,
don wanda ya kwance a ko'ina
ya san ba a taɓa ɗinkin a hanya ba.

Ran Laraba aka karɓa.
Kafin magariba ya bazu rumbuna,
garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba.
Amma bai isa Kaita ba.
Makarantar Malam Ɗayyabu, sabis sai an hau katanga.
Sai na zuba a filashi,
Tasi'u ya saka a aljihun gaba, ya tada babur.

Kwamfuta goma sha ɗaya, biyu sun mutu.
Da can, in Asabe ta nemi rubuta ƙasa
sai allo ya ba ta akwati, wofi,
ko ta haƙura ta rubuta kasa,
ta ce ƙasarmu, a karanta kasawarmu.
Ranar ta danna, lanƙwasa ta fito a kan harafin
kamar kan sandar makiyayi.
Ta sake dannawa. Ta cika layi da ƙ, ƙ, ƙ,
har malam ya ce to, ya isa.

Sunana na can cikin wani ɗan layi
da ba mai buɗewa sai abu ya lalace.

Da daddare Baba ya ce, nawa suka biya ki?
Na ce ko sisi.
Ya daɗe yana murza igiya a cinya.
Can ya ce, bai dai zube ba?
Na ce bai zube ba, Baba.
Ya gyaɗa kai, ya yanke igiyar da haƙori.

Da asuba saƙo ya shigo:
mai manhaja ta fitar da sabuwa.
Na duba batir. Na nemo basilla.