Harafi Ɗaya, Kwabo Ɗaya

Ta zo da takarda a naɗe kamar tabarma,
ta shimfiɗa a bencina, ta danne gefe da guduma.
"Nawa za ka sassaƙa, Tobias?"
Na ce harafi ɗaya, kwabo ɗaya,
haka nake yi wa mai garma, haka nake yi wa basarake.
Ta zazzage abin da ke cikin safar hannunta.
Bai isa kakanni goma sha ɗaya ba.

To wa za mu bari a waje, uwargida Lettice?

Ga Ranulf can a ƙoli,
an zana masa zaki mai jan harshe,
wai teku ya haye da takobi.
Tsofaffin Skelbeck sun ce rafi ya haye da tumaki,
ɗaya ma ba tasa ba ce.
Ga Hamon, wanda ulu ya yi wa riga da wando,
ranar da aka kori masu zuhudu daga gidan ibadarsu
shi ya sayi duwatsun, har da ƙararrawa.
Ga Giles da ya auri gwauruwa don dazuzzukanta uku,
ta binne shi, ta ci gaba da sayar da katako.
Sauran sun haihu, sun yi shari'a kan iyakar gona, sun mutu.

Sai naki, Gervase Thornholt.
Na san shi tun yana in'ina a bayan coci,
yaron da bai iya kiran karensa sau ɗaya ba.
Auren bishiya ya iya.
Ya kan ɗaure reshen tuffa a jikin wata,
ya zauna yana kallo kamar mai jinya.

Da sarki da majalisa suka raba gari
ya narka cokulan azurfa na gidan kaf,
ya ɗora mutum arba'in a kan dawaki,
rabinsu ba su taɓa riƙe abin da ya wuce lauje ba.
Ƙanensa Valentine ya bi ɗaya ɓangaren.
Ciki ɗaya, tuta biyu.
Igwar da ta rushe bangon gabas, inda tuffa take,
Valentine ne ya nuna mata wurin da ginin ya yi laushi,
don tare suka haƙa ramin suna yara.

Ɗanki ya faɗi a wata fadama, shekara sha bakwai,
takalmi ɗaya aka kawo miki.
Mijinki ya tsere ƙetare da yatsu takwas,
ya koya wa 'ya'yan fatake hawan doki don ya ci burodi.
Ya dawo ya tarar tara ta cinye gonaki,
gansakuka ta cinye zaure.
Sanyin bana ya same shi a gindin kututture
da wuƙa da zare a hannu.

Ta daɗe tana kallon zakin.
Ta ce, "Cire shi. Cire su duka.
Sa Gervase, sa yaron, sa shekara."
Na ƙirga, kwabo biyu suka yi saura.

Da dare wani ya ƙwanƙwasa,
tsoho mai baƙar riga, dusar ƙanƙara a kafaɗa.
Ban tambayi sunansa ba, hancin gidan ne a fuskarsa.
Ya ajiye sule ɗaya da kwabo biyu,
ya ce in ƙara a ƙasa: yayan Valentine.
Na ce sai na tambayi mai takaba.
Ya ce ya sani.

Kwana tara ke nan kuɗin na kan taga.
Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.
Na dai bar wurin a share,
faɗin tafin hannu, ƙarƙashin sunan yaron,
kuma a kusurwa na sassaƙa tuffa ɗaya,
wadda ba harafi ba ce, ba wanda zai biya.