Imfoluto

A Shika nake aiki, ɗakin dafa kayan tiyata.
Ni ke wanke almakashi da hantsaki,
in jera a faranti, in tura tukunyar tururi.
Shekara sha ɗaya, gaisuwata guda ce:
"Iya, an gama, ko ba a gama ba?"

Sai wata likita ta zo daga Kyuba,
Odalis, gajera, dariyarta kamar an zuba tsaba a tasa.
Ran Laraba ta buɗe ƙunshin da na naɗe,
ta kai shi saitin fitila, ta juya, ta juya,
ta lumshe ido ta ce: impoluto.
Gabana ya faɗi, na zaci laifi ne.
Na ce, "Wallahi Dakta, ban tsallake ko ɗaya ba."

Da aka tashi ta ja ni gefe,
ta rubuta mini a bayan katin magani.
Sifaniyanci ne, in ji ta, da Hausarta ta cefane:
abu mai tsabta, amma ya wuce tsabta,
wanda datti bai san hanyar gidansa ba.

Na gwada. Leɓɓana suka ƙi.
Harafin nan nasu mai fashewa kamar gugguru
a bakina sai ya zama iska: imfoluto.
"Rufe leɓe, Lantana! Rufe, ki saki!"
Na rufe, na saki, iskar dai ce.
Bakin da ya tsufa da fura da fanke
bai ga dalilin sauya hali a yini ɗaya ba.

A bas, daga Shika har Kwangila, ina auna ta da namu.
Fari fat? Launi ne kawai.
Sabo dal? Sabo kan tsufa kafin la'asar.
Garau na ruwa ne. Tsarki kuwa
sai ya ɓaci ake nemansa da buta.
Zalla, tsantsa, tas, fes,
kowacce ta yi sallama ta tsaya a zaure,
ko ɗaya ba ta shiga ba.

Na leƙa Kubanni ta taga, leda ke iyo.
Naira hamsin da kwandasta ya miƙo mini
ta sha hannu har hoton jikinta ya gaji.
Na ce, duk Zazzau babu abin da ba a taɓa ba.

Da daddare ina neman katin rigakafin jikana
a gindin akwatin ƙarfe, hannuna ya ci karo da ita:
farar shadda, yadi goma, cikin takardarta,
wadda Malam Barau ya sayo a Sabon Gari
zai yi wa kansa aska biyu,
shi da ya ɗinka wa rabin gari
yana yawo da riga mai faci a kafaɗa.
Ya sayi zare, ya ce sai bayan Salla.
Bayan Salla ta zo, ba ta same shi ba.

Na shimfiɗa ta a kan gado.
Babu zufa, babu jan goro, babu sawun allura.
Na rufe leɓe, na saki a hankali: impoluto.
Ta fito daidai, ba kowa a ɗakin,
kuma ban ji daɗinta ba.

Ga tsohuwar rigarsa can a ƙusa,
wuya ya dafe, aljihu ya huje,
ita nake shinshina in ruwa ya sauko.
Wannan kuwa ba ta san shi ba.

Da sassafe na biya Kwarbai
wajen Tanimu, yaron shagonsa na dā.
Na ce a fitar wa jikana riga da wando,
ya sa, ya ci tuwo, ya ɗiga miya, ya faɗi a kwata.
Tanimu ya ɗauki almakashi, ya dube ni sau biyu.
Na ce, "Yanka."
Ƙyat! Shaddar ta yi ajiyar zuciya
irin wadda ni ban samu na yi ba.

A wurin aiki Odalis ta tare ni: "Faɗi in ji."
Na ce, "Imfoluto."
Ta dafe kai tana zuba tsabarta.
Ni ko na sa safar hannu,
na kunna famfo,
ban gaya mata ba.